An fasa littafin bayan na yi wata takwas ina zane: in bar sana'ar?

Tambayar ta fito ne daga wani matashi ɗan Aboabo a nan Kumasi, wanda ya gama karatun zane a jami'ar KNUST shekara biyu da suka wuce. Wani kamfanin wallafa ya ba shi aikin zana hotuna 24 na littafin yara. Ya shafe wata takwas a kai, sai aka kira shi aka ce an fasa. Abin da ya shiga hannunsa bai kai rubu'in kuɗin da aka yi magana ba, kuma babu takarda tsakaninsu. A gida ana ce masa ya bi yayansa shagon waya a Adum. Ya rufe saƙonsa da cewa: "Baba, ko dai hannuna ne bai kai ba? In haƙura da zane?"

Ɗana, sannu da haƙuri. Na karanta saƙonka sau biyu, kuma na san irin daren da mutum yake kwana idan aka yi masa haka. Amma ka ɗaure tambaya biyu da igiya ɗaya. An fasa littafi, wannan ya tabbata. Ko hannunka bai kai ba, wannan ba a bincika ba tukuna, kai ne kawai ka yanke wa kanka hukunci cikin ɓacin rai. Na kusa shekara arba'in ina cin abinci da buroshi da fensir, na faɗi ba sau ɗaya ba, kuma duk lokacin da na faɗi hannuna nake fara zargi. Sau ɗaya ne kawai zargin ya zama gaskiya. Sauran, igiyar a wani wuri ta tsinke, ni kuma na ɓata lokaci ina ɗaurin inda bai tsinke ba.

A 1986 mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya kai ni wurin wani mai rubuta allunan talla a Asawase. Shekarar farko ban zana komai ba sai wanke buroshi da kananzir da shafa farin fenti a jikin katako. Daga baya maigidana ya bar ni in ja layi, sannan haruffa, sannan fuska. Lokacin kasuwar ta buɗe sosai. Masu aski suna son allon kawuna, masu sayar da abinci suna son hoton tukunya da kwano, direbobin trotro, wato ƙananan motocin haya, suna son a rubuta musu kirari a bayan mota, iyalan alhazai suna son kyallen barka da dawowa. Ga kuma masu gidan bidiyo, waɗanda ke ɗaukar talabijin da na'urar kaset da janareto suna zagaya unguwanni da ƙauyuka. Su kan zo da buhun fulawa biyu da aka farke aka ɗinke, mu zana musu fostar fim da fentin mai, su naɗe ta kamar tabarma su tafi. Wanda ya taɓa wucewa ta Suame ya ga shagon Kwame Akoto, wanda ake kira Almighty God, ya san irin darajar da wannan aiki ya kai a garin nan.

Na buɗe shagona, na yi aure, na ɗauki yara uku ina koya musu. Sai manyan injinan bugu suka fara shigowa Asafo. Allon da nake yi a kwana huɗu, inji ya fitar da shi kafin ka gama shan koko, da hoton mai shagon na ainihi, a kuɗin da bai kai nawa ba. Na rufe shago a 2007, shekarar da aka cire wa sidi, kuɗin Ghana, sifili huɗu. Abin da nake so ka riƙe shi ne, a wannan shekarar hannuna ya fi kowane lokaci ƙwarewa. Ban taɓa zana fuska mai kyau kamar na ƙarshen da na yi ba, kuma babu wanda ya zo saya. Na yi kusan shekara biyu ina jin haushin inji, ina cewa mutane ba su san abu mai kyau ba. Waɗannan shekaru biyu su ne asarata ta gaskiya, sun fi rufe shagon ciwo idan na tuna. Kiɗa ya sauya, ni kuma na tsaya a tsakiyar fili ina jiran tsohon kiɗa ya dawo.

Yaron da ya koya mini kwamfuta a wata maɗaba'a a Asafo sa'an ɗana ne. Na zauna kusa da shi wata shida ina kallo ina tambaya. Abin da ya ba ni mamaki, rabin abin da ake buƙata na riga na sani. Mai allon talla ya san cewa mutumin da ke cikin mota yana da ƙiftawar ido biyu ya karanta, don haka ya san abin da zai girmama da abin da zai jefar. Ya san launin da ke tashi a kan wani launi daga nesa. Yaron ya san maɓallai, ni na san inda ido yake fara sauka. Na faɗi wannan ne saboda na san kai ma kana da injin da ke tsorata ka, wato manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suka bazu tun 2022, waɗanda ke fitar da hoto idan an rubuta musu jimla. Sun riga sun cinye ƙananan ayyuka na fosta da bangon littafi mai arha, kuma ba za su amayar da su ba. Ka koyi yadda suke aiki, ka san inda suke gazawa, kada ka ba su shekara biyu na fushi kamar yadda na ba nawa injin.

Yanzu ga lokacin da laifin na hannuna ne. Aikin littafi na farko da na nema, na kai samfuri Akra wurin wata edita, dattijuwa mai magana a hankali. Ta baje zanen a tebur ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce: yarinyar shafi na uku da ta shafi na bakwai ba mutum ɗaya ba ce, kuma duk yaranka manya ne da aka rage musu tsawo. Na hau mota na dawo Kumasi ina tafasa. Shekara ashirin ina zana fuska, wata za ta ce ban iya yaro ba? Sai da na kwana uku na sake fito da zanen, na ga gaskiyarta ƙarara. Mai fosta yana kwafar fuska ɗaya daga hoto, ta fuskanci gaba, ta tsaya cak. Mai zanen littafi dole ya ƙirƙiro yarinya daga kansa, ya san ta ta gaba da ta baya da ta gefe, tana gudu, tana kuka, tana leƙen tukunya, kuma a shafi na 24 uwarta ta gane ta. Sana'a biyu ne masu kama da juna. Kan babban mutum kusan kashi ɗaya cikin bakwai ne zuwa takwas na tsayinsa, na ƙaramin yaro kuwa ɗaya cikin huɗu zuwa biyar, idanunsa suna ƙasa-ƙasa a fuska, goshi ya yi faɗi, wuya gajere. Ban taɓa lura ba, alhali yara cike da gidana.

Maganin da na yi shi ne littafin zane mai arha da fensir a aljihu. Kowace safiya in zauna gefen makarantar allo ta unguwarmu, da izinin malam, in zana yara suna karatu. Ba sa tsayawa, don haka dole hannu ya koyi kama motsi cikin layi biyar ko shida. Da rana in tafi Kejetia in zana 'yan mata masu dako da kwanonsu, yadda wuya yake miƙewa a ƙarƙashin kaya, yadda hannu ɗaya yake tashi ya tallafa. Na cika littattafai goma sha ɗaya kafin na koma wurin dattijuwar nan, kuma ta ba ni aiki. Da ta yi mini kara a ranar farko ta ce za mu kira ka, da har yau ina zargin mugun nufi.

To ga yadda za ka gwada naka. Ka jera hotunan 24 a ƙasa bi da bi, ka rufe rubutun, ka kira yaro ɗan shekara shida wanda bai san labarin ba, ka ce ya ba ka labari. Idan ya bi daga farko zuwa ƙarshe yana nuna yaro ɗaya da yatsa, hannunka ya yi aikinsa. Inda ya tsaya ya ce wannan wane ne, nan gyaranka yake. Yaro ba ya jin kunyarka, kuma ba shi da bashinka da zai ɓoye.

Littafi yana mutuwa ta hanyoyi da yawa da ba su shafi mai zane ba. A 2019 aka shigo da sabuwar manhajar karatu ta makarantun firamare, kuma littafin da ake son makarantu su yi amfani da shi sai hukumar NaCCA ta amince da shi. Ina da aikin hotuna sama da hamsin da aka gama a kan tsohuwar manhaja, ya mutu a cikin kwamfuta, babu wanda ya ce zanen bai yi kyau ba. Takarda da tawada daga waje ake shigo da su, idan dala ta tashi mawallafi sai ya zaɓi littafin da zai buga da wanda zai jinkirta, kuma littafin yara mai launi shi ne mafi tsada. Ka tambaye su kai tsaye, cikin ladabi, a rubuce: me ya sa aka fasa? Amsar za ta rage maka rabin nauyin da kake ɗauke da shi, ko ta nuna maka abin gyara.

Inda na ga kuskurenka a fili shi ne rashin takarda, kuma a nan zan tsaya in daɗe, domin mu 'yan Zango kunya tana cutar da mu a wannan wuri. Muna ganin kamar neman a rubuta rashin yarda ne ga babba. Ai aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, umarni ce a rubuta bashi. Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana, doka ta 690 ta shekarar 2005, ta ce idan wani ya sa ka aiki ka yi masa, kuma babu yarjejeniyar da ta faɗi akasin haka, to haƙƙin cin moriyar aikin yana wurin wanda ya sa ka. Yawancin masu zane ba su san wannan ba, suna tsammanin tunda hannunsu ya yi, nasu ne. Abin da ya rage maka ko yaya aka yi shi ne haƙƙin a ambaci sunanka da haƙƙin ƙin yarda a lalata aikin ta hanyar da za ta zubar maka da mutunci. Shiru a wurin ciniki yana amfanar mai ba da aiki. Idan kana son zanenka ya zauna naka, su kuma su sami izinin bugawa kawai na shekaru kaza ko kwafi kaza, sai an rubuta an sa hannu.

Malamanmu na da sun riga mu gano wannan, shi ya sa akwai kafin alƙalami. Ni yanzu ba na ɗaga fensir sai an ba ni kashi ɗaya cikin uku. Na biyu idan an amince da zanen gwaji na fensir, na uku ranar da zan miƙa cikakken aiki, kuma kafin wannan ranar ƙananan hotuna marasa nauyi kawai nake turawa, waɗanda ba za su bugu ba. Ina rubuta cewa gyara sau biyu ne a cikin kuɗin, na uku da kuɗinsa. Ina rubuta kuɗin fasawa: idan kuka janye bayan an amince da zanen gwaji, abin da aka riga aka ba ni nawa ne, kuma zanen ya dawo hannuna. Shafi ɗaya ya isa. Sannan ina sa ranar biya, saboda abin da 2022 ta koya mini. Na yi ciniki a farkon shekara, aka biya ni a ƙarshenta, lokacin da hauhawar farashi ya kai kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba. An ba ni adadin da aka faɗa cif, amma buhun shinkafar da na lissafa ya koma rabi. Wanda ya ji waɗannan sharuɗɗa ya fusata, ya taimake ka, domin ya nuna maka halinsa kafin ka ba shi wata takwas.

Akwai wata faɗuwa da nake so in tsare ka daga gare ta tun kafin ta zo. Littafina na farko da ya fito, na buɗe kwalin da hannu yana rawa, sai na ga fuskokin yaran duk sun dushe, sun zama baƙi ɗaya babu hanci babu kumatu, idanu kawai ke haske. A fuskar kwamfuta suna da kyau. Dalili shi ne kwamfuta tana haɗa launi da haske, ja da kore da shuɗi, abin da ake kira RGB, inji kuwa da tawada huɗu yake bugawa, CMYK. Launin fatarmu yana cin tawada da yawa, kuma takarda marar sheƙi tana shan tawada, kowane ɗigo ya bazu ya fi yadda aka sa shi, sai duhu ya ƙaru. Tun daga nan nake rage baƙar tawada a fata, in gina launin da ja da rawaya da ɗan shuɗi, in bar haske a goshi da karan hanci da kumatu fiye da yadda ido yake so a kwamfuta. Ina aiki a ɗigo 300 a kowane inci, ina barin rarar milimita 3 a gefuna saboda wuƙar yanka, ba na sa fuska a tsakiyar shafi biyu inda ɗinki zai haɗiye ta. Kuma ba na yarda a buga sai na ga gwaji a kan ainihin takardar da za a yi amfani da ita. Ka je Asafo ka zauna da mai tuƙa injin, ka saya masa abinci, ka tambaye shi. Zuwa da kai ya fi aike.

Na dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ba sai na ja ba. A 2015 wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone mini ma'ajiyar kwamfuta da aikin wata uku a ciki. Ka ajiye aikinka wuri uku, ɗaya a intanet, kowace Juma'a.

Maganar shagon waya kuma, ba zan ce maka ka ƙi ba. Yunwa ba ta gyara zane, tana sa mutum ya karɓi kowane ciniki ne, kuma ina zaton ita ta sa ka fara aikin nan babu takarda. Meshack Asare, wanda ya yi karatu a wannan makarantar da ka fito, ya yi shekaru yana koyarwa yana zanen littattafan yara a gefe, ya ci kyautar wallafa littattafai a Afirka mai suna Noma Award a 1982, a 2015 kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar NSK Neustadt ta adabin yara. El Anatsui, shi ma ɗan makarantarku, ya fara koyarwa a Nsukka a Najeriya tun 1975, kuma aikin murafun kwalabe da duniya ta san shi da shi ya zo ne bayan ya haura hamsin. Na san samari sun fi son labarin Amoako Boafo, wanda aka sayar da zanensa fam 675,000 a Landan a watan Fabrairun 2020. Su tuna cewa wanda ya kai zanen gwanjo wani ne da ya riga ya saye shi da arha, ribar ta tafi aljihunsa. Ko a can sama, maganar ta koma kan wa ya riƙe me a rubuce. Ka je shagon yayanka, amma ku yi magana a fili: kwana huɗu naka ne na shago, sauran na zane, ko kuma safiya bayan asuba zuwa ƙarfe tara ba mai taɓa maka. Adum ma makarantar zane ce ga mai littafi a aljihu. Abin da nake ji maka tsoro shi ne ka ce zan ɗan ajiye fensir sai abubuwa sun daidaita. Na san mutum huɗu da suka faɗi haka, dukkansu sun fi ni hannu.

Dalilin da ya sa ba na son ka bari ya wuce kai kaɗai. Ka duba littattafan da yaranmu suke karantawa a makaranta, ka nemo gidan Zango a ciki. Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnati ke ɗaukar nauyin wallafa su, duk da cewa ana jin ta daga Nima zuwa Aboabo zuwa Bawku. Idan an zana ɗan Musulmi, sau da yawa hula ce kawai aka ɗora wa wani yaro. Wa zai zana buta a bakin ƙofa, da alluna jingine da bango, da jan da karan dafi yake ba waakye, wato shinkafa da wake, da yadda kaka take yafa mayafi idan za ta gidan suna daban da yadda take yafa shi idan za ta gaisuwar mutuwa? Wa ya san bambancin aska biyu da aska takwas a gaban babbar riga, ko zayyanar allon sauka? Inji bai taɓa shiga zauren gidanku ba, mai zane daga wata unguwa ma haka. Ayyukan da suka fi riƙe ni a shekarun nan, na ƙungiyoyin lafiya da na makarantun Islamiyya masu son littafin yara, duk saboda wannan sanin suka zo, ba don na fi kowa iya launi ba. Idan a gida akwai mai damuwa da hukuncin zana mai rai, kada ka yi gardama, ka ɗauki aikinka ka kai wa malamin da suka yarda da shi, ka nuna masa abin da kake zanawa da wanda ake zana wa. Haka na yi da mahaifina.

A wannan makon, ka tattara duk saƙonnin WhatsApp da shaidar MoMo, wato tura kuɗi ta waya, da ke tsakaninka da kamfanin, domin su ma shaida ce ta ciniki. Ka rubuta musu wasiƙa mai sanyi, ka nemi ɗayan biyu: su cika maka kuɗin aikin da ka gama, ko su rubuta cewa sun sakar maka zanen ka yi yadda kake so da shi. Mawallafin da ba shi da kuɗi yakan yarda da na biyu cikin sauƙi, kuma hotuna 24 na labari ɗaya su ne abin da kowane edita yake son gani kafin ya ba sabon mai zane aiki. Idan sun ƙi duka biyun, sai a nemi lauya ko Hukumar Taimakon Shari'a. Bayan ka yi gwajin yaron nan, ka kawo mini hotunan ranar Asabar bayan la'asar, tare da littafin zanenka na aljihu idan kana da shi. Shi nake so in fara gani.